Dillanci a Intanet Bayan Ritaya: Blogger, WordPress, Ɗan Kwangila ko Waya Kawai?

Kawuna ya yi shekara 35 yana aikin malamin gona kafin ya ajiye aiki. Bai yi wata uku a gida ba zama ya gundure shi, kuɗin fansho kuma ba sa kai shi ƙarshen wata. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ƙofar gida, ya gyara tabarau, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai da ka san kan abin nan, duba mini. Wai mutum zai buɗe shafi, yana kwance kuɗi na shigo masa." Bidiyon wani saurayi ne jingine da motar da ba na zaton tasa ce.

Na ce, "Kawu, sana'ar gaskiya ce. Kwanciyar ce ƙarya."

Abin da saurayin ke tallatawa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dillanci ne, irin wanda ake yi a kara da Kantin Kwari da Dawanau: ka haɗa mai saye da mai sayarwa, ka karɓi la'ada. Bambancin kawai shi ne a intanet kamfani zai ba ka mahaɗa mai ɗauke da lambarka, ka rubuta bayani a kan wata haja, ka liƙa mahaɗar. Duk wanda ya latsa ya saya, kana da kamasho. Amazon, babban kamfanin sayar da kaya a intanet, ya fara wannan tsari tun 1996. A Najeriya, Jumia da Konga, waɗanda duk aka kafa a 2012, suna da nasu, haka ma Selar da ake sayar da littattafai da darussa a kansa.

Tambayar da ke tsaya wa dattijo a rai ita ce inda zai kafa rumfarsa. Hanyoyi huɗu ne aka fi bi: Blogger na kyauta, WordPress da mutum zai kama wa masauki (wurin ajiye shafin a intanet) da kansa, ba wa wani kwangilar ginawa, ko a haƙura da shafi a tsaya ga WhatsApp da Facebook da YouTube.

Da me za a auna?

Na farko kuɗi. Ba na buɗewa kaɗai ba, har da na kowace shekara, da kuma irin kuɗin da za a biya da shi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mai cin fansho. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki hidimar da ake biya da dala ya wayi gari kuɗin sabuntawarsa ya ninka uku, fanshonsa kuwa yana inda yake.

Na biyu ɗorewa: bayan shekara biyar, rubutun yana nan? Kuma na wane ne?

Na uku sauƙi, kuma a nan ina nufin sauƙi ga mai shekara 60, ba ga jikansa ba. Ido ya fara gajiya da ƙananan haruffa, yatsa ba ya gudu a kan gilashin waya, wuta tana zuwa lokacin da ta ga dama. In abu ya lalace da dare, wa za a kira?

Na huɗu haɗari. Asarar kuɗi ce ƙarama a ciki. Babbar ita ce asarar suna, domin jarin dattijo a wannan sana'a ba iya kwamfuta ba ne, amanar da mutane suka ba shi cikin shekaru talatin ce.

Kafin a shiga hanyoyin, a yi ɗan lissafi, don shi ke nuna nawa ya kamata a kashe. A ɗauka, a matsayin misali, kamashon kashi 5 cikin ɗari ne, hajar kuma fitilar sola ce ta naira 20,000. La'adarka naira 1,000 ke nan. Kafin ka ga naira 50,000 a wata sai mutum 50 sun saya ta hannunka, kuma wanda ya mayar da kaya an soke la'adarsa. Masu karantawa sun fi masu latsawa yawa nesa ba kusa ba, masu latsawa kuma sun fi masu saye. Kamfanin ma yana iya rage kason duk ranar da ya so: a Afrilun 2020 Amazon ya mayar da kamashon kayan ɗaki da na gyaran gida daga kashi 8 zuwa kashi 3. Duk wanda ya yi wannan lissafi ba zai taɓa garatutinsa don gina shafi ba.

Blogger

An ƙirƙiro shi a 1999, Google ya saye shi a 2003. Duk mai adireshin Gmail zai iya buɗe shafi a kansa kafin shayi ya huce, kuma ba a biyan ko sisi. Adireshin zai zo da blogspot a wutsiyarsa. Wanda hakan bai yi masa ba, zai iya sayen adireshin kansa ya jona. Na .com yakan kama dala 10 zuwa 15 a shekara. Na .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ya fi araha kuma da naira ake biya.

Sauƙinsa ne babban abin da ke jan hankali. Babu manhajar da za ka sabunta, babu masaukin da zai ƙare maka a tsakiyar wata, tsaro kuma yana hannun Google. Rubutu a cikinsa bai fi rubuta wasiƙa wuya ba. Sai dai abin da ya zo a banza yana da iyaka: fasalin shafin kaɗan ne, tsara jadawalin kwatanta farashi sai da dabara, kuma Google bai cika kawo masa sabon abu ba.

Wajen ɗorewa, a gidan wani kake zaune. Google na iya rufe shafi in ya ga an saɓa ƙa'idarsa, kuma ya taɓa rufe hidima sukutum, kamar yadda ya yi wa Google+ a Afrilun 2019. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta shafi masu shekaru kai tsaye: tun Disambar 2023 Google na da damar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Jinya mai tsawo na iya cin wannan lokaci. Abin da ke rage fargaba shi ne ana iya sauke kwafin duk rubutun a ajiye, har a kai shi WordPress daga baya. In adireshin naka ne tun farko, masu karatu ba za su ma san ka tashi ba.

WordPress da masaukin haya

A nan mutane ke ruɗewa, don abu biyu ne masu suna ɗaya. Akwai WordPress.com, kamfanin da ke ba da masauki da kansa, yana da tsarin kyauta mai takura da tsare-tsaren biya. Akwai kuma manhajar WordPress ita kanta, wadda aka fitar a 2003, kyauta ce, kai za ka nema mata masauki, wato abin da 'yan sana'ar ke kira hostin. Wannan ta biyun nake nufi. Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke, saboda haka duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ya ci karo da ita ya warware.

Kuɗinta kashi biyu ne: adireshi da hayar masauki, duk shekara. Masauki mai sauƙi 'yan daloli ne a wata a kamfanonin waje. Akwai na gida, irin su QServers da Whogohost, da ke karɓar naira. Ni dai na gida nake ba dattijo shawara ya kama, ko da ba su kai na waje sauri ba, saboda akwai lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, mutane suka rasa yadda za su sabunta. A kuma kula da tarkon rangwame: farashin shekarar farko da ake rubutawa da manyan haruffa ba shi ne na shekara ta biyu ba. A nemi na sabuntawa a gani kafin a biya.

Wajen mallaka babu kamarta. Rubutu naka, adireshi naka, in masauki ya ɓata maka rai ka kwashe kayanka ka koma wani. Za ka iya tsara shafin yadda dillanci ke so, da jadawalin farashi, da hotuna, da wurin da mai karatu zai bar lambarsa.

Amma gidan kanka kai ke share shi. Manhajar tana buƙatar sabuntawa a kai a kai, haka ƙananan manhajojin da ake ƙara mata, kuma ta waɗannan ƙananan ne masu kutse suka fi shiga. Wani lokaci sabuntawar ce da kanta za ta rikita shafin, ka buɗe ka tarar da farin allo ba komai. Saurayi zai kwana yana bincike har ya gyara. Dattijon da ke aiki da waya kaɗai, ga data na ƙarewa, ga caji ya kusa mutuwa, ba lallai ya jure ba. A gaskiya WordPress aikin kwamfuta ne. Wanda ya yi aikin ofis ya saba da Word da Excel, sati biyu zuwa uku sun ishe shi ya kama hanya. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, zai ɓata watannin da ya kamata ya yi rubutu a cikinsu yana kokawa da maɓallai.

In kuwa aka manta ba a biya ba, shafin zai ɗauke. Adireshin da ya daɗe ba a sabunta ba kuma yana komawa kasuwa, kowa na iya saya.

A ba ɗan kwangila

Wannan ce hanyar da ta fi burge masu ritaya, don ta yi kama da yadda suka saba: a kira mai aiki, a yi ciniki, a biya. Ita ce kuma ta fi tsada, domin ban da adireshi da masauki, ga kuɗin hannu, sannan duk gyara sai an sake kira.

Wani maƙwabcin Kawu, tsohon hedimasta, ya bi ta nan. Ya ba wani yaro mai ladabi aikin, yaron kuma bai cuce shi ba, shafi ya fito tsaf. Malam ya yi shekara guda yana rubutu a kan littattafan firamare da kayan karatun yara, da hannu a takarda, 'yarsa na buga masa. Ashe da adireshin imel ɗin yaron aka yi rajistar komai. Da lokacin sabuntawa ya zo, saƙon tuni can ya tafi. Yaro kuma ya tafi bautar ƙasa kudu, ya canza layi. Ranar da Malam ya buɗe shafin ya ga ba komai, ina wurin. Ya juya wayar, ya sake latsawa, ya ce, "Ko dai sabis ne?" Ba sabis ba ne. Takardun hannun nan ne kaɗai suka tsira.

Ba a ce kada a ba da kwangila ba. Amma a zauna tare da mai aikin, a buɗe komai da imel ɗinka da lambar wayarka, da katinka a biya, kalmomin sirri kuma a rubuta su a littafi. Layin ma ya zama wanda kake amfani da shi kullum, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na sake sayar da shi, lambar tabbatarwa ta koma hannun baƙo.

Akwai ƙanin wannan hanya da ya fi ta muni: masu sayar da "shafi gamamme mai kawo kuɗi" haɗe da kwas mai tsada. Galibi rubutu ɗaya ne suke sayar wa mutum ɗari, Google kuwa ba ya ɗaga kwafi. In ka ga ribar tsarin ta dogara ga ka kawo wasu su ma su biya kuɗin shiga, wannan ba dillanci ba ne. Wanda ya ga yadda MMM ta ƙare a Disambar 2016 ya san kamanninsa.

Waya kawai: WhatsApp, Facebook, YouTube

Wani zai ce wannan ai ba shafi ba ne. Haka ne. Na sa shi a jerin ne saboda mutanenmu a nan suke. Bahaushe ma'abocin rediyo ne, ya fi yarda da muryar da ya sani a kan rubutun da bai san mai shi ba. Saƙon murya na minti biyu daga malamin gonan da kowa ya sani a ƙaramar hukuma zai sayar da injin feshi fiye da shafi goma na rubutu.

Kuɗinsa data ne kawai. Sauƙi kuwa ba a magana, an riga an iya. A ɗorewa ne ya gaza. Abin da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, rubutun Facebook kwana biyu ya nutse, kuma ba wanda zai bincika a Google ya tarar da saƙon muryarka. YouTube ya fi su a nan, don bidiyo na iya shekaru ana kallo, kuma ana sa mahaɗa a ƙarƙashinsa, sai dai ɗaukar bidiyo da tace shi aiki ne mai cin data.

Kayan aro kuma ba ya rufe katara. Ana rufe wa mutum asusu ba tare da gamsasshen bayani ba, ana sace lambar WhatsApp a riƙa roƙon kuɗi da sunan mai ita. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A wannan shekarar ce gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Sannan kowane kamfani na da ƙa'idarsa kan inda aka yarda a liƙa mahaɗarsa, sai an karanta kafin a fara.

Haɗarin suna a nan ya fi kusa, domin masu sayen danginka ne da abokan sahu a masallaci. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. In kayan suka zo ba kyau, ba kamfanin da ke Legas za a zaga ba, ƙofar gidanka za a zo.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Blogger | Kyauta, sai adireshi in ana so | Madaidaiciya, gidan Google ne | Mai sauƙi, ko da waya | Rufe shafi ko asusu |
| WordPress | Adireshi da masauki duk shekara | Mai ƙarfi, in ana kula | Sai da kwamfuta da koyo | Kutse, manta sabuntawa |
| Ɗan kwangila | Mafi tsada, ga kuɗin gyara | Ya danganta da sunan da ke kan rajista | Sauƙi da farko, dogaro daga baya | Ɓacewar mai aikin, damfara |
| Waya kawai | Data | Rauni, sai YouTube | Mafi sauƙi | Satar asusu, zubewar mutunci |

Harshe da wanda zai biya

Zaɓin rumfa ba ya rabuwa da zaɓin harshe. Mai rubutu da Turanci yana gasa da duniya, kuma filin ya ƙara tsauri. Sauyin da Google ya yi wa tsarin bincikensa a Satumbar 2023 ya durƙusar da ƙananan shafukan dillanci masu yawa, daga 2024 kuma ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamako, mutum ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba. Mai rubutu da Hausa abokan gasarsa kaɗan ne, amma masu bincike da Hausa ma ba su kai ba, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense, tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin talla, ke karɓa, don haka kada a sa ran cike giɓi da tallan Google.

Amazon bai dace da mai karatu a Kano ko Gusau ba: da dala ake saye, ga kuɗin jigila. Ƙa'idojinsa ma da zafi. In ba a yi ciniki uku ta hannunka cikin kwana 180 ba za a rufe asusun, mai latsawa kuma sai ya zaɓi kayan cikin awa 24 kafin a lissafa maka la'ada, kuɗin kuwa sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen wata. Mai rubutu da Hausa gara ya nemi kamfanonin da ke kai kaya garinsa kuma suke biya a asusun naira, ko ma ya daidaita kai tsaye da wani mai shago da ya yarda da shi.

Za a kuma yi masa tayin tallan caca da manhajojin bashi mai ruwa, don kamashonsu kan fi tsoka. Wannan ba sai na yi wa dattijo wa'azi a kai ba. Abin da zan ƙara shi ne a riƙa faɗa wa mai karatu a fili cewa ana samun la'ada in ya saya. Amazon ma ya wajabta wa dillalansa rubuta hakan.

Wa ya dace da wace?

Tsohon ma'aikacin ofis mai kwamfuta, mai Turanci a hannu, da ke da wani fanni da zai iya shekara yana rubutu a kai, kuma zai iya biyan masaukin shekara biyu ko bai ga kobo ba, WordPress ce tasa. Ya fara da masaukin naira mafi araha.

Hajiyar da ta yi ritaya daga koyarwa ko jinya, wadda mata ke kira su tambaye ta wace tukunyar gas ko wane keken ɗinki za su saya, ba ta buƙatar shafi tukuna. WhatsApp ya ishe ta, ta kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ta tallata abin da ta taɓa da hannunta kawai.

Mai kuɗi a hannu amma ido ya raunana ko haƙuri da na'ura ya ƙare, ya ba da kwangila, bisa sharaɗin komai da sunansa, kuma akwai ɗa ko jika a gida da ya san inda littafin kalmomin sirri yake. Wannan littafi ya shiga cikin takardun gida, kusa da na fili.

Mai murya da iya bayani, wanda rubutu ke ba wuya, ya gwada YouTube.

Wanda kuma bai tabbata zai ɗore ba, kuma fanshonsa ba ta da rarar gwaji, Blogger da adireshin .com.ng, sannan ya riƙa tura mahaɗar kowane sabon rubutu ta WhatsApp. Nan Kawu ya sauka. Rubutunsa na farko a kan yadda ake gane injin feshi mai ƙarko ne, daga kaurin tanki har zuwa robar famfo da ke fara tsagewa. Da biro yake rubutawa bayan asuba, ni ko ƙaramin ɗansa mu buga. La'adar da ya samu zuwa yanzu ba ta gama biyan datarsa ba, amma manoma daga ƙauyukan da ya yi aiki sun dawo suna kiransa, kuma wannan satin yana kan na maganin ƙwarin wake.